Maganar Baba a Feji na Huɗu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da aikin nan naka da har yau ban iya faɗa wa mutane sunansa ba. Na rubuto ne tunda wayarka ta zama ta ado, sau huɗu ina kira ba ka ɗaga ba.

Shago ya mutu, Auta, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka san yadda muke a da, kafin a buɗe ƙofa akwai tela biyu ko uku a kan dakali, kowa rungume da kan kekensa. Kusan duk baƙon da na tambaya wa ya kwatanta masa mu, sai ya ce a waya ya gani. Ya rubuta "kekena yana tsinka zare", rubutun Baba ya fito a sama, ya karanta ya gwada, in abin ya fi ƙarfinsa ya ɗauko keken ya zo. Yau wata biyu ke nan abin ya ɗauke ɗif. Jiya na rubuta tambayar da kaina, na yi ta gangarawa, sai a feji na huɗu na sakamakon binciken na same mu, a ƙarƙashin wasu masu sayar da kekuna da na rantse ba su taɓa riƙe sukudireba ba. Wa ke zuwa feji na huɗu? Ni ma don namu ne na je.

Baba ne ke damuna. Yana zuwa da safe ya shimfiɗa tsumma a kan tebur, ya jera sukudirebobi daga babba zuwa ƙarami, ya zauna yana kallon ƙofa. Shekaranjiya na kama shi ya kwance keken da ya gama gyarawa tun makon jiya yana sake ɗaurawa. Na ce Baba me ya same shi kuma? Ya ce, "Ba komai, hannuna ne ya gaji da zama."

Kai ka buɗe mana shafin intanet ɗin nan shekara tara da suka wuce, ka tafi ka bar ni da shi. Ka san abin da ke ciki yanzu? Rubutu ɗari uku da goma sha biyu. Baba yana gyara yana magana, ni ina gefe da tsohuwar kwamfutar da ka bari ina bugawa kai tsaye a cikin shafin, yadda ya faɗa haka nake sawa. Da ana rubuta tsaki, da har shi ka gani.

Tunda an ce aikinka ke nan, ɗaga shafukan mutane zuwa sama, to ga na gidanku ya faɗo. Ka duba mana don Allah. Ka gai da matarka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba, na samu saƙonki, kuma ina neman afuwa kan rashin ɗaga waya. Muna cikin wani hali a ofis, domin abin da ya same ku ya sami kusan rabin shafukan da muke kula da su.

Ga abin da ya faru. Injin binciken da mutane ke amfani da shi yana da tsarin da yake bi wajen jera sakamako, wa zai zo farko, wa zai zo ƙarshe. Masu shi suna sauya tsarin lokaci zuwa lokaci, kuma ba sa faɗa wa kowa ainihin abin da suka sauya. Mu dai lura muke yi da waɗanda suka hau da waɗanda suka faɗo, mu yi hasashe. A wannan karon, ga dukkan alamu, injin ya fi son rubutun da ke ba da amsa a layin farko, mai kanu bayyananne, mai jerin matakai.

Na karanta namu kusan arba'in, Yaya, kuma zan faɗa miki gaskiya a matsayina na mai wannan sana'a. Akwai wanda kanunsa shi ne "Matar da ta zo da keken uwarta a naɗe cikin zani". Wa zai rubuta wannan a wurin bincike? Maganar allura ce fa a ciki, amma sai Baba ya gama labarin matar da uwarta da ruwan da aka yi ranar, sannan a sakin layi na biyar ya ce: "Ka cire allurar ka mirgina ta a kan gilashi. In ta yi rawa jefar da ita, kada ka ce za ka miƙe ta. Na ga masu miƙewa sun fi ɗari, kuma duk sun dawo." Na yi dariya ni kaɗai a ofis, don na ji muryarsa sak. Amma injin ba ya dariya, kuma ba ya jira har sakin layi na biyar.

Haka kuma maganar tsinkewar zare kaɗai ta fito a rubutu goma sha bakwai, suna gasa da junansu.

Duk wannan yana gyaruwa. Ki turo mini kalmar sirrin shafin, ki ba ni mako uku.

Ki miƙa gaisuwata ga Baba.

Ƙaninki,
Auta.

*

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Na gode da wannan doguwar lacca, na karanta sau biyu, na fahimci rabi.

Na ɗan taɓa wa Baba maganar yana shan shayi. Na ce Auta ya ce injin ba ya son labari, amsa yake so a layin farko. Ya ajiye kofin ya ce, "Wanda ba zai iya jiran labarin ba, ba zai iya gyaran ba. Ki gaya masa ya bar mini maganata yadda take." 

Amma yau kwana uku mutum ɗaya ne ya shigo, shi ma bel ɗin keke ya saya ya tafi. Ba zan iya zama ina kallon tsohon nan yana goge sukudirebobin da ba su yi datti ba. Na turo maka kalmar sirrin ta waya. Bai sani ba, kuma kada ka sake ka faɗa masa.

Kanun kawai za ka taɓa, Auta. Ka sa musu sunayen da injin naka ke so, ka yi musu kwalliya, amma abin da ke ciki ka bar shi. Na san halinka tun kana ƙarami, in aka ce ka share ɗaki sai ka zubar da rabin kayan ciki.

Allah ya taimaka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ina da albishir: a kan tambayar tsinkewar zare mun dawo feji na biyu, a kan tsallaken ɗinki kuma muna na bakwai a fejin farko. Nan da wata ɗaya ina sa ran za ki fara ganin baƙi.

Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani. Na fara da kanun kamar yadda kika ce, na jira kwana goma, ko motsi ba mu yi ba. Na nuna wa shugaban sashenmu, ya ce matsalar a cikin rubutun take. Saboda haka na ɗan wuce inda kika tsayar da ni. Rubutu ɗari da casa'in da kusan babu mai buɗe su na cire su, domin irinsu suna jawo shafi ƙasa. Sauran na haɗe masu magana ɗaya, na sake tsara su, sun koma arba'in da takwas. Ilimin Baba yana nan duka, ban ƙara ban rage ba a ɓangaren gyara. Labaran ne kawai na ajiye a gefe, na kuma daidaita kalaman.

Kada hankalinki ya tashi. Kamfanin da ke riƙe mana shafin yana ajiye kwafin tsohon na tsawon kwana talatin. Ki duba, in bai yi miki ba ki faɗa, cikin minti biyar zan mayar da komai yadda yake. Amma ina roƙonki ki fara duba ƙofar shago kafin ki yanke hukunci.

Na gode da amanar da kika ba ni.

Ƙaninki,
Auta.

*

Auta,

Baba ya faɗi a shago da safen nan, muna asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, bakin ya karkace. Na ga saƙonka ban iya karantawa ba. Ka yi duk abin da ka ga ya dace da shafin. Ka taho.

Yaya.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma wurin aiki lafiya. Kwana huɗun da ka yi mana a asibiti mun gode, Allah ya saka. Yau mako uku da sallamarmu, wata biyu da faɗuwar Baba.

Ƙafar ta fara ɗan ja, hannun shiru. Maganar ce ba ta dawo ba. Yana ji, yana ganewa, idon nan nasa yana nan yadda ka san shi, amma in ya buɗe baki sai sauti ɗaya ya yi ta fitowa, har ya gaji ya rufe. Matar da ke koya masa magana a asibiti ta ce mu riƙa karanta masa abin da ya saba faɗa da bakinsa, wai irin waɗannan kalaman su ne ke fara dawowa. Ta ce ko akwai wani abu da yake yawan maimaitawa? Na kusa yin dariya. Na ce ina da shekara tara na maganarsa a rubuce.

Na dawo gida da murna, na jawo kujera kusa da gadonsa, na ɗora kwamfuta a cinya. Tun da ya faɗi ban buɗe shafin ba. Na ce Baba yau matar nan mai keken uwarta za mu karanta. Wallahi sai da gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Na nema ban gan ta ba. Na nemi na telan da ya zuba man gyaɗa a keke, babu. Abin da na gani shi ne "Hanyoyi Bakwai na Magance Matsalar Allura Cikin Sauƙi". Na ce ko kanun ne kawai, na buɗe na fara karantawa: "Shin kekenka yana ba ka matsala? Kada ka damu, a wannan rubutu za mu duba." Ban kai layi na uku ba ya ɗaga hannun hagu ya rufe mini kwamfutar. Ya daɗe yana kallona, kuma na san tambayar da yake yi. Sannan ya juya fuska bango. Ranar ko kunu bai karɓa daga hannuna ba.

"Za mu duba", Auta? Yaushe Baba ya taɓa cewa za mu duba? Kai da wa?

Sai bayan nan na koma na karanta saƙon da ka turo ranar da ya faɗi. Ba ni da ƙarfin yi maka faɗa yanzu, ina ajiye da shi. Ka ce minti biyar ne. To ka mayar da komai yau, in ma feji na ɗari za mu koma, mu koma. Baƙin da ka yi alkawari sun ɗan fara zuwa, ni kaɗai ke fama da su da ɗan abin da na iya, amma ba su nake nema ba yanzu.

Ina jira.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Kwana shida ina rubuta wannan ina gogewa.

Babu kwafin. Kwana talatin ɗin sun wuce muna tsakanin asibiti da gida. Na kira kamfanin, na rubuta musu, na samu wani da na sani a ciki ya duba da kansa, ya ce an riga an rubuta sabo a kan tsohon. Ni kuma ban ajiye nawa ba. A ofis ba ma taɓa shafin kowa sai mun sauke kwafinsa mun adana, doka ce, ni nake koya wa sababbin ma'aikata ita. Namu ne na ce ai na gida ne, ba wanda zai kai ni ƙara, na yi aikin kai tsaye. Na zauna kusa da ke kwana huɗu a asibiti, sau biyu maganar ta zo bakina, na ga halin da kike ciki na haɗiye. Da na faɗa, da sauran kwana ashirin da wani abu.

Ba zan ce ke kika ce in yi abin da na ga ya dace ba. Kin faɗi haka ne kina tsaye a bakin ɗakin da aka shigar da Baba, kuma na san ba ki karanta ba.

Akwai wani abu kuma, gara ki ji daga gare ni. Makon jiya an sake sauya tsarin injin. Yanzu rubutun da ya nuna mai shi ya yi aikin da hannunsa ake ɗagawa, mai misalai da abin da ya faru da mutane na gaske. Irin wanda na rubuta ya cika ko'ina, duk an danna su ƙasa. Muna feji na tara. Shugaban sashenmu ya tara mu yana cewa mu nemo tsofaffin masu sana'a mu ɗauki labarinsu. Na tashi na fita daga taron.

Na tafi in ga wa ke sama a kan tambayoyinmu, sai na tarar da wani shafi da ban sani ba, mai cike da talla. Yaya, rubutun Baba ne. Sun sace sittin da ɗaya tun shekara huɗu da suka wuce, suka cire sunansa, suka saka su a wata manhaja mai musanya kalmomi don kada a gane. Labaran suna nan, matar mai zani tana nan, amma kusan kowace jimla an taɓa ta. Inda Baba ya ce allura ta yi rawa, su sun ce ta nuna rashin daidaito. A duniya yanzu wannan ne kaɗai abin da ya rage.

Na sauke su duka, na ajiye a wuri uku, na haɗo miki. Ban gyara ko harafi ba, ba ni da bakin gyarawa.

Ban san yadda zan roƙi Baba gafara ba. Ki faɗa mini in zo ko kada in zo.

Ƙaninki.

*

Auta,

Wa alaikas salam. Na samu. Kwana biyu ban buɗe ba, don ina jin in na buɗe zan kira ka in faɗi abin da ba ya gogewa.

Na faɗa wa Baba komai, har da cewa ni na ba ka kalmar sirrin bayan ya hana. Ban ɗora maka kai kaɗai ba, don ba kai kaɗai ba ne. Ya rufe ido ya daɗe. Ban san ko ya yafe ba, ba shi da hanyar faɗa, kuma ina jin tsoron tambaya.

Ga abin da muke yi yanzu. Bayan ya karya da safe, kafin in fita shago, ina buga rubutu ɗaya a takarda in zauna in riƙe hannunsa na hagu. In karanta jimlar ɓarayin, sannan in faɗi yadda nake jin ya faɗe ta. In na dace ya matse mini hannu. In ban dace ba ya saki, in sake gwadawa. Wata jimlar sau ɗaya, wata sau goma, wata mu haƙura in ja mata layi. Ni da nake taƙama na haddace maganar Baba, ashe muryar na riƙe, kalaman sun zube. Jiya sai da muka kwashe rabin awa a kan abin da ya ce wa telan man gyaɗa. Da na faɗo shi daidai, "Kai keke ka saya ko kasko?", ya matse ni har sai da na ji zafi, kafaɗarsa tana girgiza. Dariya yake yi, ba sauti. Na shiga banɗaki na yi kukana na dawo.

Yana saurin gajiya. Rubutu ɗaya yana cin kwana uku, mun gama bakwai. Likita ya ce zuciyar ba ta yi masa daɗi ba, ni kuma na iya lissafi, na san sittin da ɗaya sau uku. Ɗari biyu da hamsin da ɗayan da ɓarayin ma ba su ga damar sata ba, waɗannan ba na bari in yi tunaninsu.

Ka zo. Da na ambaci sunanka bai matse ba, amma bai saki ba. Ka zo ba da kwamfuta ba.

Yayarka.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa lafiya. Jama'ar zaman makoki sun watse, na share ɗakin Baba, jiya na buɗe shago.

Goma sha tara muka gama kafin ya rasu. Su kaɗai zan sa a shafin da sunansa, kuma na cire naka arba'in da takwas ɗin. Kada ka gaya mini fejin da muke.

Da hantsi wani tela ya zo da tsohon keke, keken yana ɗinki lafiya a yadi mai kauri, in an sa mara nauyi sai ya cukurkuɗe zare a ƙasa. Na canza allura, na duba ƙoshiyar zaren ƙasa, na yi duk abin da na sani, bai daina ba. Na san Baba ya taɓa bayanin wannan, ina tuna ranar, ina tuna inda yake tsaye, ni na buga da hannuna. Ba ya cikin goma sha taran, ba ya cikin na ɓarayin.

Mutumin ya ce ai an gaya masa nan ne ake gyara irinsa. Na ce masa a da ne.

Ka gai da gida.

Yayarka.